Shekarar da Sale Ya Ƙi Abincin Hannun Kowa

Kun taso kuna jin ana cewa ni na raba gidan Inna, ni na lalata hannun kawunku Sale, kuma ni na sa Yaya Harisu ya mutu bai tako ƙofata ba. Na ukun gaskiya ne. Na biyun akwai magana a ciki. Na farkon kuwa, gidan ya riga ya tsage kafin in iso, sai dai ni aka tarar tsaye kusa da tsagar. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa ƴaƴan mutane a lakol, wato makarantar boko, cewa ba a amsa tambaya sai an karanta ta har ƙarshe. Ku ma ku yi mini wannan alfarma.

Mu uku Inna ta bari: Yaya Harisu, wanda ya riƙe gida da gandu a ƙauyenmu na arewa da Gazawa, sai ni, sai Sale autanmu. Tun yana rarrafe aka san Sale ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon mutum a ido. Idan injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya duƙa. Maganarsa kaɗan ce, kuma ba ta da ado: in ka tambaye shi yaya gajiya, zai gaya maka ko akwai ko babu. A ƙauye ba a ba abin wani suna ba, ana dai ce masa "na Inna", kuma wannan ya isa bayani. Yana da aikinsa. Daga safe har la'asar yana zaune ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida yana tufka igiyar kaba, makiyaya da masu amalanke suna zuwa suna saye. Da hantsi Inna ta dama masa fura a ƙwaryarsa, ta aje a gefen damansa, ta ce, "Ga ta nan." Haka aka yi har furfura ta fara fito masa a gemu. Ba zan ce rayuwa ce mai faɗi ba, amma na ga masu digiri da ba su samu kwanciyar hankalin da yake da ita ba.

Inna ta rasu bayan an gama ɗaurin hatsi. Zaman makoki abin rahama ne ga yawancin mutane. Ga Sale azaba ce. Gida ya cika, aka ɗauke tabarmarsa aka shimfiɗa wa baƙi, kowa ya zo sai ya kama hannunsa ya girgiza ya ce ya yi haƙuri. Bai yi kuka ba, har wasu suka ce Allah ya hutar da shi, bai san abin da ake ciki ba. Sai da baƙi suka watse abin ya fito. Ya bar igiya. Ya koma kai da kawowa daga ɗakin Inna zuwa zaure, yana wani gunji ƙasa-ƙasa kamar sa da aka ɗaure a rana, yana cizon bayan hannunsa na dama. Ko faɗuwar kwano ta sa ya zabura, jiki na rawa. Maƙwabta suka fara ba da shawara, kuma kun san shawarar maƙwabta: akwai wani malami wajen iyaka da ke sa wa irinsu mari. Ina so ku riƙe wannan game da kawunku Harisu: shi ya ce ba za a sa wa ɗan uwarsa ƙarfe ba muddin yana numfashi. Duk abin da zan faɗa a gaba, mutumin da ya ƙi mari ne ya yi shi.

Lokacin ina riƙe da lakol a Gazawa, ina hawa kabu-kabu in leƙa gida ran Asabar. Wata Asabar na tarar da gidan tsit. Sale na kwance da rana tsaka, baki buɗe, miyau na zuba a tabarma. Dije, matar Yaya, ta tare ni da fara'a ta ce ai ya samu sauƙi, addu'a ta ci. Na yi hamdala. Haka aka ɗauki makonni. Sa'annan wata Asabar na tarar da shi zaune bayan rumbu, ya rame, hannuwa na kaɗawa, ƙwaryarsa cike a gefe ƙudaje na bi. Na durƙusa na tambaye shi me ya hana shi sha.

"Akwai ɗaci a ƙasa," ya ce, yana kallon rumbu.

"Ɗacin me?"

"Fari ne. Ba gero ba ne."

Na sami Yaya a zaure yana gyaran galma. Bai yi mini gardama ba. Akwai wani mai tallar magani da ke zuwa ranar kasuwa a kan moto, wato babur, wanda daga kwali ɗaya yake fitar da maganin ciwon kai da na tsutsar awaki da na ƙarfin maza. Shi ya ba Yaya wata ƙwaya mai sa barci. Dije na daka ta tana zubawa a fura. Da ɗaya ta daina aiki aka koma biyu, biyun ne suka kwanta a gindin ƙwarya har Sale ya gani.

"Yaya, ka san sunan abin da kake ba shi?"

"Na san yana barci, mu ma muna barci. Ke kina can cikin alli, Madam, ran Asabar kike zuwa duba aji."

Idan Yaya ya kira ni Hajo, ƙanwarsa yake wa magana. Idan ya ce Madam, to na zama gwamnati. Amma ya yarda in kai Sale Maraɗi, domin shi ma ya tsorata: Sale ya daina karɓar fura, ya daina karɓar tuwo, ya daina shan ruwan randa.

Likitar da muka gani a Maraɗi mace ce, yarinya a idona, kuma ita ce mutum na farko da na ga ta kashe fanka ta rufe ƙofa don Sale ya iya zama. Ta yi mini tambayoyi tun daga ƙuruciyarsa. Ta ce yadda aka halicce shi yana da suna, otizim, kuma babu ƙwayar da ke cire shi, ba ta ma neman cire shi. Abin da ya hau kansa yanzu daban ne: baƙin ciki da ya zama ciwo, da fargaba mai hana zama. Irinsu Sale ba kasafai suke cewa raina ya ɓaci ba. Sai dai ka ga sun aje abin da suka fi so. Rawar jikin kuma, ta ce, har da yanke ƙwayar kasuwa da ya yi farat ɗaya, kuma mun yi sa'a da bai kai shi ga farfaɗiya ba. Ta rubuta magani. Ta ce a fara da rabin ƙwaya, don jikin irinsu wani lokaci yakan ji magani fiye da na sauran mutane. Ba zai yi aiki yau ko gobe ba, sai an yi makonni. Wataƙila da farko ya ƙara rikicewa. Kuma in an fara, ba a bari sai da saninta. A ƙofa ta riƙe ni ta ce in da hali kada a ɓoye masa maganin cikin abinci. Ta ce in da hali. Ba ta ɗora mini doka ba, don haka kada ku ɗora mata laifin abin da ya biyo baya. Ni na yanke.

Ban mayar da shi ƙauye ba. Na wuce da shi gidana na Gazawa, babanku ya kwashe buhunansa daga ɗakin baya. Kowace safiya in sa reza in raba ƙwaya biyu, in aje rabi a kan faifai, in zauna nesa kaɗan in gaya masa abin da take, kamar mai karanta darasi ga ajin da ba ya so.

"Irin ta Yaya ce?"

"A'a. Wannan likita ta rubuta."

"Za ta sa ni barci?"

"Ban sani ba. Ta ce mai yiwuwa ta sa ka tashin zuciya da farko."

Sai ya kawar da kai. Gobe mu sake, tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Abin da ya riƙe ransa a wannan lokaci shi ne gyaɗa mai ɓawo, da goruba, da lemo in an samu, da ruwan da ya je famfo ya taro da kansa. Duk abin da aka dafa, ko aka dama, ko aka ɓare, ba ya taɓawa. Namiji babba ba ya rayuwa a kan goruba. Na ga ƙasusuwan wuyansa suna fitowa, na ga wandonsa yana neman mazagi na biyu. Hannun da yake cizo ya yi miki, kuma ba ya bari a taɓa. Babanku mutum ne mai haƙuri, amma wata rana ya aje cokali ya ce shi ba zai iya cin tuwo ba alhali ana mutuwa da yunwa a bayan ɗakinsa.

Cikin wannan hali Yaya ya zo. Ya kawo dabino a leda, mai taushi, irin na Agadas. Ya leƙa Sale, ya fito. Sa'annan ya zaro dabino ɗaya ya nuna mini yadda za a yi: a huda ta wajen kai da tsinke, a tura rabin ƙwaya ciki, a shafe. Ba zai gane ba. Dabino ai ba a dafa shi.

"Ba zan yi ba, Yaya."

"Maganin likita ne fa. Ba na kasuwa ba. Ke da kanki kika ce shi ne daidai."

"Ran da ya gane, dabino ma ya fita. Me zai rage masa?"

"In ya kai ran da zai gane, ai ya rayu ke nan." Ya juya dabinon a hannu. "Hajo, ni na goye shi zuwa gona yana ƙarami. Ba ni da karatunki. Amma na san gawa ba ta jin haushin kowa, kuma ba ta yarda da kowa."

Har yau ban sami amsar wannan magana ba, kuma na karanta littattafai da yawa tun daga lokacin. Abin da na sani shi ne, a duk duniya saura mutum ɗaya da in ta ce wa Sale ruwa ne, zai yarda ruwa ne. Maganin nan ba na mako ɗaya ba ne, na shekaru ne. Ba za a yi shekaru ana huda dabino ba. Na ce a'a. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"To, Madam. In ya mutu, a gidanki ya mutu. Ki tanadi abin da za ki gaya wa Inna."

Ya bar dabinon. Na aje shi gaban Sale yadda yake, na ce daga Yaya ne, babu komai ciki. Ya duba kowane ɗaya ta ko'ina, ya ci.

Abin ya warware ta inda ban zata ba. Wata safiya aka aiko cewa sufeto ya sauka a lakol ba sanarwa. Na fita a gurguje, ban raba ƙwaya ba, na bar katin maganin gaba ɗaya a kan faifai. Ina tsakiyar gaisawa da sufeto na tuna, kuma kati ɗaya a hannun mutumin da ya gaji da duniya ba abin wasa ba ne. Na bar baƙon gwamnati tsaye na dawo da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa. Na tarar da Sale zaune, katin na hannunsa, yana shafa ƙwayoyin ta bayan ledarsu. Babu wadda ta fita.

"Wannan ba a buɗe ba," ya ce.

"Ba a buɗe ba."

"Nawa ta ce?"

"Rabi."

Ya danna da babban yatsa, ƙwaya ta fito, ya karya ta a kan layin da ke tsakiya, ya haɗiye rabi da ruwansa na famfo. Ɗaya rabin ya miƙo mini ya ce in zubar, gobe sabuwa zai buɗe. Mutumin da ba ya cin komai sai mai ɓawo, ni ina ta ɓare masa magani da reza ina mamakin taurin kansa. Babu wanda ya lura, daga ni har babanku har Yaya. Shi kuma bai faɗa ba, don ba a tambaye shi wannan tambayar ba.

A labarin da ake ba yara, nan za a tsaya. Amma likita ta faɗi gaskiya: sai da abin ya ƙara lalacewa. Makonnin farko ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi amai, cizon hannu ya ƙaru. Na kira likita ta wayar salula, ta ce a riƙe a rabin, a sa ido, a kawo shi in ya fara maganar mutuwa. Bai yi ba. Hannun ne ya kumbura har gwiwa, ya yi zafi kamar dutsen guga. Kafin ya yarda majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan Gazawa, ya taɓa shi, sai da aka nuna masa kowane ƙarfe, aka gaya masa abin da zai yi, aka kuma gaya masa zai yi ciwo. Aka tsaga, aka matse, aka ɗaure. Hannun ya tsira. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suka sandare, ba sa lanƙwasuwa har yau. Majo ya ce da an zo da wuri da ba haka ba. Na san wannan jimla. Mu ma malamai muna da irinta ga iyaye.

Yaya ya zo ya ga hannun. Ya riƙe shi, kuma Sale ya bari, abin da ba ya yi. Yaya ya yi ƙoƙarin lanƙwasa yatsun a hankali, suka ƙi. Ya juyo.

"Da me zai tufka igiya?"

Ya saki hannun, ya ci gaba.

"Da kin bar ni da dabinona, da tun tuni ya fara shan maganin nan, da hannunsa na nan. Kin sami gaskiyarki. Ki dafa masa ita."

Ya fita. Daga ranar bai sake shiga gidana ba. Muna gaisawa a suna da jana'iza, yana amsawa kamar yadda ake amsa wa mai karɓar haraji. Yana aiko da hatsin Sale kowace kaka a amalanke, cikakke, bai taɓa ragewa ba, sai dai mai amalanken ne ke sallama. Na je ƙauye sau da dama; in na shiga zaure sai ya tuna yana da aiki a gona. Da ya kwanta ciwon ajali na zauna gefensa, ya tambaye ni ko Sale na cin abinci. Na ce yana ci. Ya ce to, ya juya fuska ga bango. Wannan ne duk sulhun da muka yi. Ko lissafinsa daidai ne, Allah ya sani. Wataƙila da an huda dabinon da yatsun na nan. Wataƙila kuma da Sale ya gane a mako na biyu, ya bar dabino, ya bar ni, ya bar famfo. Ba a ba mu rai biyu mu gwada hanya biyu ba.

Sauƙin ya zo a hankali, ba shi da ranar da zan nuna. Gunjin ya ragu. Ya fara barci irin na mutane. Wajen faɗuwar ruwa ya nemi tukunya, ya auna garinsa, ya tuƙa tuwonsa da kansa; tuwo ne da ko kare zai yi shawara kafin ya ci, amma ya cinye. Har yanzu shi ke dafa abincinsa. Bai koma igiya ba. Ya gwada, ya ga ba ta fita yadda yake so, ya aje kabar, bai sake kallonta ba. Yanzu awaki yake kiwo a bayan gida. Maganin bai mayar da shi wani mutum ba, kuma bai dawo masa da Inna ba. Ya dai sauke masa dutsen da ke kan ƙirji har ya iya numfashi. Shekarun baya likita ta gwada rage masa a hankali, sai muka ga ya fara zagaye tsakar gida, aka mayar. Ta yiwu haka zai zauna. In farmasi ta canza kamfani, launin kati ya sauya, sai an kai shi ya ji daga bakin mai farmasin cewa abu ɗaya ne, kuma sai an bar shi ya buɗe da kansa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan babi ba don in wanke kaina ba ne. Na tsufa da wanki. Na girme Sale da shekaru masu yawa, ga hawan jini, ga gwiwa. Kwanan baya muna zaune da hantsi yana ɓarar gyaɗa, sai ya tambaye ni ko na kusa mutuwa. Wani zai ji haushi. Ni na ce ban sani ba, amma na fi kusa da ita fiye da bara, kuma ya kamata ya zaɓi gidan da zai koma cikin ƴaƴana. Na zaci zai ce Mamman, babbanku, mai gida mai faɗi a Maraɗi kusa da likita, wanda ba ya zuwa hannu sake. Ya ci gaba da ɓara har gyaɗar ta ƙare.

"Barira," ya ce.

Barira, ɗiyata ta tsakiya, wadda ke zaune gidan haya a Aguye, wadda duk dangi suka shaida ba ta da ladabin baki, wadda ta taɓa gaya mini a gaban surukai cewa taurin kaina ne ya nakasa kawunta. Na tambaye shi dalili.

"Ta ce tuwona ba daɗi."

"Sai me?"

"Ba daɗi," ya ce. "Sauran sun ce da daɗi."

Barira, ban gaya maki ba tukuna, don na san za ki ce ba ki da ɗaki. Ki nemo.